Labarin Likita Mila, da Yadda Alfarma Ta Zama Haƙƙi

Ya kai mai karatu, ko kana zaune a Kankiya a bakin hanyar Kano, ko a Kusada, ko a wani ƙauye na tsakaninsu, ka kasa kunne ka ji labarin wani mutum wanda ya yi shekaru masu yawa yana roƙon izinin abin da yau doka ta ba ka. Sunansa Walter Miller, amma mutanen ƙasarmu suka sa masa Likita Mila.

An haife shi a Ingila cikin shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew a birnin Landan, kana ya ba da kansa ga jama'ar mishan ta C.M.S. Da ya ƙudura zuwa ƙasar Hausa, sai ya fara sauka Tarabulus, inda fatake da alhazan ƙasarmu sukan yada zango, domin ya ji harshen daga bakin masu shi. A can ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajidu, wanda ake kira Audu, yana bisa hanyar Makka. Daga baya yaron nan ya zama abokin zamansa da mataimakinsa. Ashe ƙasar Katsina tana da hannu cikin labarin nan tun farkonsa.

Cikin 1900 Mila ya shigo tare da Bishof Tugwell da waɗansu Turawa uku, suka yi ta tafiya har Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita masa daga gari. Suka komo Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya mutu, gidansu kuma ya ƙone.

Sa'anda Gwamna Lugga ya ci Sakkwato cikin 1903, ya yi wa sarakuna alkawari gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba. Alkawari ne mai kyau, kada ka raina shi, gama ya kwantar da hankalin mutane masu yawa. Amma Turawan mulki suka riƙe shi da cewa mishan ba za ta shiga ƙasar sarki ba sai da yardar sarkin da ta Razdan. Talaka kuwa, wanda zuciyarsa ke neman ta ji ta auna da kanta, ba wanda ya tambaye shi.

Cikin 1905 Mila ya sami izinin zama a birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Ya yi shawara da Lugga a kan makarantar 'ya'yan sarakuna da malamai, amma Gwamna Girouard wanda ya gaji Lugga bai amince a sa ta hannun mishan ba. Aka ba Ɗan Hausa aikin, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Haka kuma Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922, domin 'ya'yan Musulmi aka yi ta. A zamanin nan kuwa wanda ya yi karatun boko dace ya yi, ba don an san haƙƙinsa ne ba.

Cikin 1913 waɗansu mutane suka zo wurin Mila, waɗanda ake kira Isawa. Su mabiyan Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano wanda ya ɗaukaka Annabi Isa cikin wa'azinsa, aka tsire shi a kasuwa a zamanin Sarki Abdullahi, almajiransa suka warwatse. Aka tara zuriyarsu a ƙauyen Gimi, amma ciwon barci ya kashe da yawa, aka kwaso yaran zuwa makarantar Zariya. Ka dubi abin da yakan faru inda babu doka mai tsaron lamiri: malami ya mutu saboda abin da ya gaskata, jikokin almajiransa suna yawo suna neman mafaka.

Cikin 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa. Mila ya koma Kano ya dukufa kan juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da waɗansu, aka buga shi cikin 1932. Daga cikin yaran da ya rena akwai Barau Dikko, wanda ya zama likita na fari cikin 'yan Arewa. Mila ya rasu a Bukuru kusa da Jos cikin 1952.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Mutum ne mai zafin rai, harshensa kuwa da kaifi a kan sarakuna da addinin maƙwabtansa, har maganarsa takan rufe ƙofar da maganinsa ya buɗe. Makarantar 'ya'yan sarakuna kuma ya so ta zama hanyar jawo yaran ga bangaskiyarsa, iyayensu kuwa suna da dalilin jin tsoro. Ka riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Bai ga ranar da alfarma ta zama haƙƙi a ƙasar nan ba. Cikin 1957 aka naɗa hukumar Willink domin ta saurari tsoron ƙananan kabilu, Kiristan Arewa kuma suka kai kukansu. Cikin 1958 hukumar ta ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan adam cikin tsarin mulki, aka kuwa sa su cikin na 1960. Yau suna cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 38 ya ba kowane mutum ikon tunani da lamiri da addini, har da ikon sake addininsa, da yin sujada shi kaɗai ko cikin jama'a. Ya hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Ya kuma bar kowace jama'ar addini ta koya wa 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai ke riƙe da ita. Sashe na 46 ya buɗe wa wanda aka zalunta ƙofar Babbar Kotu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta sa karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ya zama kyauta, ya zama tilas bisa iyaye.

To, ɗan'uwana, yaya za ka yi tafiya da wannan?

Da fari, ka kai 'ya'yanka makaranta, mata da maza. Kada ka tsare yarinya a gida domin talla, ko yaro domin kiwo, abin da waɗansu suka yi marmari ba su samu ba.

Na biyu, kadan an matsa maka saboda bangaskiyarka, kada ka rama da zagi. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci da ladabi, tare da dattawan ikilisiya. In abin ya faskara, kotu tana nan. Ban ce maka wahala ta ƙare ba, gama doka a takarda ba ta tashi da kanta sai an nemi a cika ta.

Na uku, ka tuna da kuskuren Mila. Dokar da ta tsare ka ita ce ta tsare maƙwabcinka Musulmi da Bamaguje. Kada ka ruɗi ɗan wani da kyauta ko da karatu a ɓoye wa iyayensa, kada kuma ka hana ɗan'uwanka abinci domin ya ƙi bin ka. Abin da ka gaskata ka faɗe shi a sarari da tawali'u, ka bar wa mai ji zuciyarsa, gama Allah ba ya karɓar sujadar dole.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya ba masu mulki adalci. Amin.