Sergei Korolev

Sergei Pavlovich Korolev (12 ga Janairu, 1907 zuwa 14 ga Janairu, 1966) injiniya ne ɗan Tarayyar Sobiyat. Shi ne ya jagoranci ƙera rokar da ta kai tauraron ɗan'adam na farko da mutum na farko sararin samaniya.

Farkon rayuwa

An haife shi a Zhytomyr, cikin ƙasar Yukren ta yanzu. Ya fara karatun ƙirar jiragen sama a Kiev, ya kammala a Mosko ƙarƙashin kulawar Andrei Tupolev. A 1931 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar GIRD, wadda ta harba ƙaramar rokarta ta farko a 1933.

Kamu da ɗauri

A watan Yuni na 1938, lokacin kame-kamen Stalin, aka kama shi bisa zargin zagon ƙasa, aka yanke masa shekara goma. An kai shi haƙar zinare a Kolyma, inda yunwa da rashin lafiya suka zubar masa da haƙora. A 1940 aka mayar da shi wani ofishin zane na fursunoni, ya ci gaba da aikin injiniya a tsare. An sake shi a 1944, amma sai a 1957 aka wanke sunansa.

Rokar R-7

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an tura shi Jamus domin nazarin rokar V-2. Daga baya ofishinsa ya ƙera R-7, wadda asalinta makami ce mai tsallake nahiyoyi. Tana ƙona kananzir da oksijin da aka sanyaya ya zama ruwa. Zazzafar iskar da ke fita ta ƙasa da ƙarfi ita ce ke tura rokar sama, kuma da yake tana ɗauke da oksijin ɗinta, tana aiki har inda babu iska. Tana da ɓangarori huɗu kewaye da na tsakiya, waɗanda ke ballewa idan mansu ya ƙare domin nauyi ya ragu. Hakan ya sa ta iya kai gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, wato gudun da abu ke buƙata ya riƙa kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba.

Nasarori

Ranar 4 ga Oktoba, 1957 aka harba Sputnik 1, mai nauyin kilo 83.6, yana kewaya duniya cikin kimanin minti 96. Wata guda bayan haka karya Laika ta tafi cikin Sputnik 2. A 1959 kumbon Luna 3 ya ɗauko hoton bayan wata, ɓangaren da ba a gani daga duniya. Ranar 12 ga Afrilu, 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya cikin kumbon Vostok. Ofishin ya kuma ƙera tauraron sadarwa na Molniya, wanda aka harba a 1965.

Mutuwa

Muddin ransa hukuma ta ɓoye sunansa, ana kiransa Babban Mai Zane kawai. Ya mutu a Mosko yayin da ake yi masa tiyata, sannan ne jama'a suka san ko shi wane ne. An ajiye tokarsa a bangon Kremlin. Rokar N1 da ya fara domin kai mutum wata ta gaza sau huɗu bayan mutuwarsa. Rokokin Soyuz da ake amfani da su har yau daga R-7 suka samo asali.