Fox Talbot: Mutumin da rashin iya zane ya sa ya ƙirƙiro wankin hoto a takarda

A watan Oktoban 1833, wani ɗan majalisar dokokin Birtaniya ya zauna a bakin tafkin Komo da ke Italiya yana ƙoƙarin zana abin da yake gani, amma zanen ya ƙi kyau. Takaicin hakan ne ya sa William Henry Fox Talbot ya fara tunanin yadda haske zai yi zanen da kansa.

An haifi Talbot ranar 11 ga Fabrairun 1800 a yankin Dorset na Ingila, ya kuma yi karatu a Jami'ar Kambirij, inda ya yi fice a lissafi.

Da ya koma gidansa na Lacock Abbey, sai ya riƙa jiƙa takarda da ruwan gishiri, ya shafa mata sinadarin azurfa. Duk inda haske ya taɓa sai ya yi duhu. A watan Agustan 1835 ya ɗauki hoton wata taga ta gidan, wanda ake ɗauka a matsayin dodon hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara da ya rage a duniya.

Sai dai bai bayyana aikin ba, har aka sanar da fasahar Louis Daguerre a Faransa a watan Janairun 1839. Talbot ya yi gaggawar nuna nasa a Landan, amma an riga shi suna. Hoton Daguerre ya fi fitowa tas, sai dai guda ɗaya ne tak a kan farantin ƙarfe. Na Talbot kuwa, daga dodo ɗaya ana iya wanke kwafi masu yawa, kuma a kan wannan tsari aka tafi fiye da shekara 100.

A 1841 ya yi rajistar mallakar ingantacciyar hanyarsa mai suna kalotayif. Kuɗin lasisin da yake karɓa ya jawo masa baƙin jini a wajen masu hoto, kuma a 1854 ya sha kaye a ƙarar da ya kai wani mai hoto, Martin Laroche.

Babbar damuwarsa ita ce koɗewa. Littafinsa The Pencil of Nature, wanda ya fito kashi-kashi daga 1844 zuwa 1846 ɗauke da hotuna 24, bai daɗe ba hotunan suka fara dusashewa. Wannan ya sa ya karkata ga tawadar ɗab'i, wadda ta fi jure zamani. A 1852 da 1858 ya yi rajistar hanyoyin sassaƙa hoto a kan ƙarfe domin a buga shi da tawada, ya kuma ci gaba da aikin har ƙarshen rayuwarsa.

Ya mutu a Lacock ranar 17 ga Satumban 1877.

A yau mai son hoton baƙi da fari ba ya buƙatar ɗaki mai duhu. Firinta mai fesa tawada na watsa ƙananan ɗigo a kan takarda, kuma waɗanda aka ƙera musamman domin hoto na haɗa baƙar tawada da masu ruwan toka don inuwa ta fito daidai. Fasahar daban take da ta Talbot, amma matsalar da masu ƙera tawadar ke fama da ita ita ce wadda ta dame shi: yadda hoto zai daɗe bai koɗe ba.