Nana Asma'u, mai waƙar da ke ba da labari

Kusa da Galmi, cikin jihar Tawa, akwai wani ƙauye da ake kira Maratta. A nan ne aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekara ta 1754. A wancan zamani babu iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya. Duk wannan yanki ƙasar Gobir ce, babban birninta kuwa Alƙalawa. Shehu ya yi karatu wurin malamai da yawa, har ya bi malaminsa Jibrilu zuwa Agadas. Daga baya ya zauna a wani gari mai suna Ɗagel, yana karantarwa, yana wa'azi.

A Ɗagel ne matarsa Maimuna ta haifi tagwaye a shekara ta 1793, namiji da mace. Aka sa wa namijin suna Hasan. Kowa ya zaci za a kira macen Hasana ko Husaina, kamar yadda aka saba yi wa tagwaye. Amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan ƴar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi (SAW) da mahaifinta abinci a cikin kogo lokacin hijira.

Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama. Sauran matan Shehu suka rene ta. Gidansu gidan karatu ne, maza da mata kowa da allonsa. Shehu yakan yi faɗa da malaman da suke karantar da ƴaƴan mutane a waje, su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Don haka Asma'u ta sauke Alƙur'ani, ta haddace shi, ta shiga littattafai. Filatanci shi ne harshen gidansu. Ta ji Hausa sosai, ta iya Larabci, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tafiyar da ba ta manta ba

Almajiran Shehu suka yi ta ƙaruwa, har abin ya fara damun sarakunan Gobir. Sarki Nafata ya kafa doka. Ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, ya ce kada kowa ya yi wa'azi in ba Shehu ba. Da ɗansa Yunfa ya hau gadon sarauta sai rigimar ta ƙara tsanani. A watan Fabrairu na shekara ta 1804 Shehu da jama'arsa suka tashi daga Ɗagel, suka nufi Gudu, wani wuri da ke dab da iyakar ƙasarmu ta yau. Wani Buzu mai suna Agali ya taimaka da raƙumansa, aka ɗauki littattafan Shehu. Asma'u tana cikin wannan ayari. Shekarunta wajen 11 ne, kamar na ɗaliban aji biyar.

Daga nan yaƙi ya tashi. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwato, mutanen Shehu suka yi nasara. Kafin shekarar ta ƙare aka sake haɗuwa a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa. A nan kam Gobirawa ne suka yi rinjaye. Mutanen Shehu da yawa suka mutu, a cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani.

Mata da yara ba su da garin zama. Inda mayaƙa suka nufa, nan suke bi. Suka sauka ƙasar Zamfara, daga can suka wuce Gwandu a 1805. Ga yunwa, ga ciwo, ga tsoro. Yau a kafa bukka, gobe a tashi. Yarinyar da ta saba da allo da tawada ta ga gawawwaki, ta ga marayu, ta ga matan da mazajensu suka fita ba su komo ba. Sai a 1808 ne Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Shekara guda bayan haka yayanta Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato.

A cikin wannan yawo ne aka yi wa Asma'u aure da Giɗaɗo ɗan Laima, babban abokin Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Asma'u ta ci gaba da karatu da rubutu a gidan mijinta, tana kuma renon ƴaƴanta.

Matan da ba su da littafi

Yaƙi ya bar wata babbar matsala. An kawo mata da yawa Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da ita. Wasu an kamo su ne wajen yaƙi, aka raba su da danginsu. Yawancinsu Hausa kaɗai suke ji. Ba su iya karatu ba. In ciwo ya kama su ko baƙin ciki ya dame su, bori suka sani. Matan ƙauye ma haka suke. Su ne kuwa iyayen yaran da za su tashi gobe. Yaya za a karantar da mace wadda take wuni wajen daka da ɗibar ruwa da kaɗin auduga, ba ta da lokacin zama gaban malami?

Asma'u ta lura da abu guda. Matar da ba ta iya riƙe alƙalami ba, ta iya riƙe waƙa. Tana daka tana waƙa, tana niƙa tana waƙa, tana rarrashin ɗanta da waƙa. Sai Asma'u ta riƙa zuba karatun cikin baitoci. Tana rubuta su da ajami, wato Hausa ko Filatanci cikin baƙaƙen Larabci. Kowane baiti yana da ma'auninsa, ƙarshen baitoci kuma duk sauti ɗaya suke faɗawa. Wannan shi ake kira amsa-amo. In mai rerawa ta manta wata kalma, sautin da ma'aunin su ne za su tuna mata. Ta haka mutum yake iya riƙe baiti ɗari a ka, alhali jawabi mai tsawon haka ba zai zauna masa ba.

Akwai wata gajeriyar waƙarta wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a cikinta. Wasu waƙoƙin suna koyar da alwala da salla da azumi. Amma waɗanda suka fi shiga ran mutane su ne masu ba da labari.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Begore. Tarihin Annabi (SAW) ne tun daga haihuwarsa: yadda aka aiko shi, yadda mutanen Makka suka tsananta masa, hijirarsa zuwa Madina, da yaƙoƙin da suka biyo baya. Tsofaffin da suka yi tafiyar Gudu in sun ji wannan waƙa sai su tuna da kansu. Su ma an tashe su daga gida. Su ma sun yi nasara a karon farko kamar yadda aka yi a Badar, sannan suka sha wuya kamar yadda aka sha a Uhudu.

Waƙar Gewaye

Bello ya rasu a Wurno a shekara ta 1837. Mutanen da suka ga Shehu da idonsu suna ta ƙarewa. Yaran da aka haifa a Sakkwato sun tarar da birni da ganuwa da kasuwa, ba su san yunwar Zamfara ba. Asma'u da mijinta suka ga in ba a rubuta ba, labarin zai bi tsofaffi kabari. Giɗaɗo ya rubuta nasa da Larabci, don malamai. Asma'u ta yi nata da waƙa, don kowa.

Ta fara tsara ta da Filatanci, da sunan Filitago. Daga baya ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsu, ya mai da ita Hausa. Ita ce ake kira Waƙar Gewaye. Sunan ya dace, domin waƙar tafiya take yi. Tana bin Shehu daga gari zuwa gari, tana faɗin inda aka sauka, da inda aka yi yaƙi, da wanda ya jagoranci mutane, da wanda ya mutu. Bayan Shehu sai ta ɗauki labarin Bello. Sunayen wurare suna zuwa bi da bi, kamar duwatsun carbi. Wanda ya haddace ta, ya haddace taswirar ƙasar da jerin abubuwan da suka faru, ko da bai taɓa ganin takarda ba.

Abin da ya ba waƙar ƙarfi shi ne mai ita ta taka hanyar da ƙafarta. Ba ji ta yi daga bakin wani ba. Tana ƙarama ta bi ayarin, sai da ta wuce shekara 40 sannan ta mai da shi baitoci.

Ta kuma yi wata waƙa a kan yaƙin Gawakuke na shekara ta 1836. A wannan yaƙi Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Buzaye ne suka haɗa kai, suka kara da Bello. Bello ya yi nasara. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk suka mutu a wurin. Bayan haka ne Gobirawa suka kafa sabon birninsu a Tsibiri, kusa da Maraɗi.

A nan sai a yi hattara. Asma'u ƴar Shehu ce, ƙanwar Bello ce, matar waziri ce. Labarin ɓangarensu take bayarwa, kuma waɗanda suka yaƙe su ba su sami kyakkyawan suna a bakinta ba. Su kuwa Gobirawa da Katsinawa suna ganin ƙasar kakanninsu suke karewa. Makaɗan fadar Tsibiri da na Maraɗi suna da nasu labarin, da nasu jarumai irin su Bawa Jan Gwarzo. A aji ɗaya ana iya samun jikan waɗannan da jikan waɗancan zaune kan benci guda. Mai son sanin abin da ya faru sai ya saurari waƙoƙin duka biyu, sannan ya gwada su da abin da masana tarihi suka rubuta.

Ba sarakuna da mayaƙa kaɗai Asma'u ta yi wa waƙa ba. Da maƙwabciyarta Halima ta rasu, ta yi mata waƙar alhini da Hausa. Halima ba sarauniya ba ce, ba kuma shahararriyar malama ba. Mace ce mai kirki da zumunci. Ba don waƙar ba, da yau babu wanda ya san an taɓa yin ta.

Jajoji da ƴan taru

Rubuta waƙa daban, kai ta ƙauye daban. Asma'u ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana. Kowace aka naɗa ta ana kiranta jaji, kamar yadda fatake suke kiran jagoran ayari. Asma'u takan ɗora mata malfa a ka, ta naɗe malfar da jan ƙyalle. Wannan dabara ce. A Gobir, Inna ce take sa irin wannan malfa, ita ce shugabar mata kuma uwar ƴan bori. Har yanzu akwai sarautar Inna a Tsibiri. Matan ƙauye sun san darajar malfar tun da daɗewa. Da suka gan ta a kan malama, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Jaji takan tara ƴan mata da tsofaffi daga ƙauyensu. Matan aure masu goyo su zauna gida. Sai a kama hanya a ƙasa har Sakkwato, wasu kwana da kwanaki. Sukan zo da ɗan abin da aka tara: hatsi, zuma, man shanu, zare. Asma'u ta raba wa marasa lafiya da mabukata. Su zauna gabanta, ta rera, su maimaita, ta yi musu bayani, su yi tambaya. In waƙa ta zauna musu sai su koma gida, su koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Waɗannan mata su ne ake kira ƴan taru.

Wata jaji mai suna Hauwa ta daɗe tana wannan aiki, har tsufa ya kama ta ba ta daina kawo mata ba. Da ta rasu, ita ma Asma'u ta yi mata waƙa.

Giɗaɗo ya riga matarsa rasuwa. Ɗansu Abdulƙadir shi ma ya yi wazirci. Asma'u ta ci gaba da rubutu har ƙarshen ranta. Allah ya yi mata rasuwa a shekara ta 1864, tana da shekara 71. An binne ta a Sakkwato, kusa da kabarin mahaifinta, a wurin da ake kira Hubbare. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar ƴan taru.

Takardunta ba su ɓace ba. Zuriyarta suka adana su a gidan waziri, daga hannu zuwa hannu, har suka iso ga Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Shi ne ya buɗe wa wata malamar makaranta ƴar Ingila, Jean Boyd, waɗannan takardu. Ta yi shekaru tana nazarinsu. A 1997 ita da wata ƴar Amurka, Beverly Mack, suka buga su cikin littafi guda. Rubuce-rubucen da aka tara sun kai wajen 60, da Filatanci da Hausa da Larabci.