Alhaji Umaru na Kete Karaci, malamin da ya yi baƙunci sau biyu

Da wuya a samu gida a Dogon Dutsi, ko Matankari, ko Tibiri, wanda babu wani nasu da ya taɓa tafiya Kurmi. Wasu sun je cin rani sun komo da faɗuwar damina. Wasu kuwa sun yi aure a can, yau jikokinsu na zaune a zangunan Kumasi da Akra, ba su san hanyar Arewa ba. Duk wanda ya sauka a waɗannan unguwanni yakan tarar da masallaci, da makarantar allo, da sarkin zango, da limamin da ke jin harshensa, har ya ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali mutane ne suka gina wannan zama da kaɗan-kaɗan, kuma cikinsu babu wanda sunansa ya kai na Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda ya rasu a 1934.

Cikakken sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. An haife shi a Kano wajajen 1858, amma asalin gidansu daga Kabi yake, maƙwabciyar Arewa. A takardun Larabci ana jera wa sunansa nasaba uku: Bakabe, Bakano, kuma mutumin Salaga. Mahaifinsa malami ne kuma falke. Umaru ya fara karatu a Kano, ya ƙaro ilimi a ƙasashen Kabi da Sakkwato, kuma tun yana saurayi ya riƙa bin mahaifinsa fatauci zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar da ake kira Gana a yau.

Tafiyar Gwanja a wancan zamani ta watanni ce. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, jakuna ɗauke da kanwa, da turkuɗi, da fatu, da gabu. A ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi kafin a kai Salaga, inda ake sayen goron da Tonawa ke kawowa daga daji. Kowace yini ana sauka a zango, kuma daga wannan kalma ne unguwannin baƙi na Gana da Togo da Benin suka samo sunansu. Wurin da aka yi don kwana ɗaya shi ne ya zame wa wasu gida har mutuwa.

Salaga gari ne na baƙi. Sarakunan Gwanja, masu ƙasar, suna zaune a Kpembe, ƴar tazara kaɗan daga kasuwar, su kuwa Hausawa, da Barebari, da Wangarawa, da Yarabawa, da Mosawa, kowa da unguwarsa. Hausa ce harshen ciniki. Baƙon da ya iso yakan sauka wurin mai gida, shi ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rikici ya taso. Garin ba shi da kogi, ruwan sha daga rijiyoyi masu ɗimbin yawa yake fitowa, kuma da rani yakan yi wuya. Mutumin da ya tashi da fura da tuwon gero sai ya koyi cin doya. Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba: ban da goro, Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka sayar a can a waɗannan shekaru, mayaƙan Zabarmawa na Babatu ne suka kamo su daga ƙasar Gurunsi. Arzikin garin da Umaru ya zaɓa ya zauna yana da wannan tabo.

Abin da ya fara yi wa wannan jama'a ta fatake ya nuna ya fahimci bukatarta tun da wuri. A 1877, bai ma cika shekara ashirin sosai ba, ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci mai koyar da yadda ake rubuta wasiƙa. A yau da kowa ke da salula a aljihu, abin zai yi kama da ƙarami. Amma ga mutumin da iyalinsa ke Kano, abokin cinikinsa na Jega, wanda yake bi bashi kuma na Kintampo, wasiƙa ita ce kaɗai igiyar da ke riƙe da zumunci da dukiya. Da ita ake sanar da rasuwa, a nemi gado, a gabatar da baƙo ga mai gida. Wanda ya iya tsara ta ya zama mutumin da ba a iya yi sai da shi. Littafin ya bazu a hannun malamai, daga baya har aka buga shi a Alƙahira.

Ya zauna a Salaga ya buɗe makaranta. A nan ya san Bajamushen nan matafiyi, Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen gari ke kira Malam Musa, mai sha'awar harshen Hausa. Zaman ya yi kamar ya miƙe. Sai dai kasuwar ta riga ta fara rauni tun 1874, shekarar da Ingilishi suka ci Kumasi, Salaga ta ɓalle daga ikon Tonawa, su kuma suka karkata goronsu zuwa wasu kasuwanni.

A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe. Ɓangare guda ya samu taimakon mayaƙa daga Dagomba da Nanumba, aka ci garin, aka washe shi. Rigimar gadon sarauta ce ta ƴan ƙasa, amma baƙi suka fi kowa asara, domin gidajensu da rumbunan kayansu duk a Salaga suke. Fatake da malamai suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Yandi, da yawa kuma Kete Karaci a bakin kogin Bolta. Umaru na cikin waɗanda suka ƙare a Kete. Daga baya ya rubuta doguwar waƙa da Larabci kan wannan bala'i, wadda masana tarihi ke dogara da ita har yau. Yana da shekara talatin da ƴan kai, ya sake zama baƙo, kuma bai koma Kano ba ko da yake hanyar a buɗe take.

Kete Karaci gari biyu ne a haɗe. Karaci na ƴan ƙasa ne, kuma a nan tsafin Dente yake, wanda mutane ke zuwa daga nesa neman taimakonsa, mai kula da shi kuma na da ƙarfin faɗa a ji kan ciniki da hanyoyi. Kete kuwa zangon Musulmi ne ƴan kasuwa. Mutumin Arewa, wanda ya san Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan yadda masallaci da tsafin ƙasa ke zama kusa da juna, wani lokaci cikin girmamawa, wani lokaci cikin zaman doya da manja. A 1894 Jamusawa suka shigo tsakani, suka kashe babban mai tsafin, suka kafa bariki, garin ya shiga cikin mulkinsu na Togo.

Ko a cikin zangon ma ba a shimfiɗa wa Umaru tabarma nan take ba. Waɗanda suka riga shi zama suna da nasu malamai, kuma an yi jayayya kan limanci tsakaninsa da wani daga cikinsu. Labarin da ake bayarwa shi ne, jami'in Jamus mai mulkin garin, Adam Mischlich, ya raba gardamar ta hanyar sa kowannensu ya karanta wani babban ƙamus na Larabci, Umaru ya yi rinjaye, aka ba shi limanci. Abin lura ne cewa Nasara ne ya yanke wa Musulmi hukunci kan wanda zai ja su salla. Haka zaman zango yake sau da yawa: tunda baƙi ba su da ikon ƙasa, rigimarsu ta cikin gida takan ƙare a gaban mai mulki.

Mischlich tsohon ɗan mishan ne, ya iya Hausa, kuma shi ne ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Ya roƙi liman ya rubuta masa abin da ya sani game da ƙasar Hausa. Umaru ya zauna ya cika takardu da ajami: tarihin Kabi da na wasu ƙasashe, yadda ake noma, yadda ake rini da saƙa da ƙira da jima, yadda ake aure da suna, yadda kasuwa ke ci, yadda ake sarauta da yaƙi. An buga wani sashe a Berlin tun yana raye, wasu kuma bayan rasuwarsa. A ganina wannan shi ne mafi daraja cikin duk abin da ya bari. Malaman da suka zauna a Kano da Sakkwato sun rubuta fiƙihu da tauhidi da tarihin jihadi, amma ba su ga dalilin bayyana yadda ake haɗa baba a marina ba, tunda marinar na bayan gidansu. Sai wanda ya yi nisa da gida, kuma baƙo ya tambaye shi, ya ga cewa waɗannan abubuwan yau da kullum sun cancanci tawada. Yawancin abin da aka sani dalla-dalla daga bakin Bahaushe game da zaman talakawa a ƙarni na 19, daga wani ɗaki a bakin Bolta ya fito.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya tsara waƙoƙinsa kan zuwan Nasara, biyu da Larabci wajajen 1899 zuwa 1901, ɗaya da Hausa bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. A cikinsu ya jera garuruwa da sarakunan da Turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nuna yadda suka fara shigowa da lallami da sunan ciniki kafin su fito da bindiga. Wasu na ganin saɓani a nan: mutum na aiki da jami'in Jamus da rana, yana kukan mulkin Turawa da dare. Ni ban ga munafunci ba. Liman ne na jama'ar da ba ta da ƙasa ko mayaƙa, wadda zamanta ya dogara ga yardar mai mulki, kuma ya riga ya ga abin da ya faru da Salaga. Ya yi hulɗa da wanda ya zama dole ya yi hulɗa da shi, ya kuma rubuta abin da ya gani ba tare da ya yi masa kwalliya ba.

Wata waƙarsa ta Hausa da ta shahara ita ce Waƙar Talauci da Wadata, inda ya kwatanta yadda ake wulaƙanta matalauci ko a cikin danginsa, ake kuma girmama mai dukiya ko da ba shi da hali. Wanda ya taɓa komowa daga Kurmi hannu wofi, ya ga yadda gaisuwar mutane ta canza, ya san abin da ake nufi.

Wajajen 1913 ya tafi aikin hajji, tafiyar da ta ɗauke shi shekaru. A Madina ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Tal, wanda shi ma gudun mulkin Turawa ne ya kai shi can. Kafin ya komo, yaƙin duniya na farko ya kori Jamusawa daga Togo tun 1914, Kete Karaci ta koma hannun Ingilishi. Ya bar gari ƙarƙashin wata tuta ya tarar da shi ƙarƙashin wata, ya ci gaba da limanci da karantarwa. Annobar mura ta 1918 da ta kashe mutane da yawa a yankin, ita ma ya yi mata waƙa. Ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa, aikin da Baturen Ingila R. S. Rattray ya buga wani ɓangarensa.

Ɗalibai sun riƙa zuwa Kete daga nesa, su yi shekaru, su koma su zama limamai da malamai a Kumasi, da Tamale, da Yandi, da Akra da sauran zanguna. Ta wannan hanya ce tasirinsa ya fi bazuwa, domin har yau akwai malamai a Gana da ke kai salsalar karatunsu gare shi. Abin da bai iya warwarewa ba, kuma babu malamin da zai iya, shi ne matsayin mutumin zango a idon hukuma. Shekara 35 bayan rasuwarsa, a ƙarshen 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su fice daga Gana. Dubban ƴan Nijar da ƴan Najeriya suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka hau motoci, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su. Dattawa a garuruwanmu na tuna komowar tasu.

Alhaji Umaru ya rasu a Kete Karaci a 1934, yana da shekara kusan 76, aka binne shi a can. Garin ya shiga cikin Gana da ta samu ƴancin kai a 1957. A shekarun 1960 masu bincike na jami'ar Legon suka bi gidajen malamai suna tattara kwafe-kwafen rubuce-rubucensa, suka adana su. A daidai wannan lokaci ne aka gina madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka kammala a 1965. Tafkin Bolta ya cika ya haɗiye tsohon garin Kete Karaci, aka kwashe mazaunansa zuwa sabon gari a kan tudu.