Cali Caflin, Wanda Ya Yi wa Hitila Dariya

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, ko kun tuna daren Asabar da ake kafa mana majigi a ɗakin cin abinci, a rataya farin zanen gado a bango? A nan na fara ganin ɗan guntun mutumin nan mai ƙaramin gashin baki da sanda da manyan takalma. Duk wanda ya cika barkwanci a ajinmu Cali muke ce masa, alhali ba mu san komai game da mai sunan ba.

An haifi Cali Caflin a Landan ran 16 ga Afrilu 1889, kwana huɗu kacal kafin haihuwar Hitila. Ya tashi cikin talauci. Mahaifinsa mashayi ne, mahaifiyarsa ta sami taɓin hankali, shi kuwa yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan gajiyayyu. Wasan dandali ne ya kai shi Amurka, ya fara fim a 1914.

A 1940 ya fito da The Great Dictator, da kuɗin aljihunsa, lokacin Amurka ba ta ko shiga yaƙi ba. Mutum biyu ya fito a ciki: Hinkel mai mulkin kama-karya, da wani Bayahude mai aski wanda suka yi kama ƙwarai. Har yanzu ina ganin Hinkel yana rawa da balan-balan mai taswirar duniya har ta fashe masa a hannu. Ga kuma inda shi da takwaransa Nafaloni suka hau kujerun aski, kowa yana ɗaga tasa don ya fi ɗan uwansa tsawo. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni dai sai da na girma, na ga juyin mulki iri-iri, sannan na gane abin da muke wa dariya. Shi kansa ya rubuta a 1964 cewa da ya san irin kisan da ake yi a sansanonin Nazi, da bai yi fim ɗin ba.

A 1952 yana cikin jirgin ruwa zuwa Ingila, hukumar Amurka ta soke izininsa na komawa, bisa zargin ra'ayin gurguzu. Ya zauna a Suwizalan, sai a 1972 ya sake taka Amurka don karɓar lambar girma ta Oska. Ya rasu ran 25 ga Disamba 1977 yana da shekara 88. A Maris 1978 wasu mutum biyu suka haƙe akwatin gawarsa suna neman kuɗin fansa. Bayan mako goma sha ɗaya aka same shi a wata gonar masara.