Ibn Nafis, Baƙon Da Ya Gano Hanyar Jini

Duk mahaucin da ya taɓa tsaga zuciyar sa ko ta rago, ko a Agege ne ko a Ibadan, ya san akwai wani bangon tsoka mai kauri da ya raba ta biyu, dama da hagu. To, a kan wannan bango ne likitocin duniya suka shekara fiye da dubu cikin kuskure, har Allah ya kawo Ibn Nafis.

Sunansa Alauddin Ali ɗan Abul Hazm. An haife shi kusa da birnin Dimashƙa a ƙasar Sham wajen shekarar 1213, ya koyi aikin likita a asibitin Nuri wurin babban malami Al-Dakhwar. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya bar gida ya tafi Alƙahira, can kuwa ya ƙare rayuwarsa, yana duba marasa lafiya, yana kuma karantar da fiƙihu a mazhabar Shafi'i. A zamaninsa ne, cikin shekarun 1240, mutanen Kanem, kakannin Barebarin Borno, suka ba da dukiya aka gina musu makarantar Ibn Rashiƙ a can Masar, masaukin ɗalibansu da alhazansu. Watau lokacin da yake aikinsa akwai 'yan ƙasarmu baƙi irinsa a garin.

Jalinusu, likitan Yunanawa na da, ya koyar cewa jini yana ratsa bangon nan ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, daga dama zuwa hagu. Har Ibn Sina ma ya bi shi a kan haka. A shekarar 1242 Ibn Nafis ya rubuta sharhi a kan sassan jiki da ke cikin littafin Al-Ƙanun na Ibn Sina, ya nuna babu wata ƙofa a bangon, ko ta fili ko ta ɓoye. Jini yakan fita ne daga ɓangaren dama ta wata babbar jijiya ya nufi huhu, ya haɗu da iskar da mutum ya shaƙa, sa'an nan ya komo ɓangaren hagu. Har ila yau ya bayyana cewa zuciya tana samun abincinta ne ta jijiyoyin da ke jikinta.

Ilmin zamani ya gaskata shi. A huhu jini yake sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin, ɓangaren hagu kuma ya tura shi ko'ina a jiki. Baligi yana da jini kamar lita 5, zuciyarsa kuwa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti in yana hutawa. Toshewar jijiyoyin nan masu ciyar da zuciya ita ke kawo bugun zuciyar da ke kada mutum farat ɗaya.

Ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri. Bayanin nasa ya shige duhu, har William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini gaba ɗaya a 1628. Sai a 1924 wani likita Bamasare, Muhyiddin al-Tatawi, ya tono sharhin a ɗakin karatu na Balin, duniya ta san wanda ya riga.

Yau yaron da ya tashi a Galtimari ya shiga karatun likita a Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, hanyar nan ta jini tana cikin darussansa na farko. Ku da ke neman abinci a kudu, ku lura da cewa a baƙunci mutumin nan ya yi wannan aiki, bai kuwa ga ilmin addini ya hana shi ilmin jikin ɗan Adam ba. Kada nisan gida ya sa a bar yara ba makaranta. Allah ya jiƙan Ibn Nafis, amin.