George White, Malamin Waƙa na Makarantar Fisk

'Yan'uwa, a wannan wata za mu duba labarin George White, ɗan wani maƙeri, wanda aka haifa a Amurka cikin 1838. Bayan yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar, ya zama ma'aji da malamin waƙa a makarantar Fisk, wadda mishan ta buɗe a garin Nashville cikin 1866 domin 'yantattun bayi.

Cikin 1871 bashi ya kusa rufe makarantar. Sai White ya ɗauki ɗan kuɗin da ya rage, ya fita da almajirai 9 ran 6 ga Oktoba, su yi waƙa gari gari. Suka sha sanyi da yunwa, masaukai kuwa suka kore su saboda baƙar fatarsu. Ya sa musu suna Mawaƙan Jubili, bisa ga shekarar 'yanta bayi da muke karantawa cikin Littafin Firistoci sura 25.

Da fari waƙoƙin Turawa suka fi rairawa, gama suna jin nauyin fito da waƙoƙin da iyayensu suka yi cikin bauta. White ya ƙarfafa su. Waɗannan waƙoƙi ne fa suka sa masu ji kuka. Cikin 1872 suka komo da dala 20,000. Cikin 1873 suka yi waƙa a gaban Sarauniya Victoria a Ingila. Da kuɗin waƙa aka gina babban zauren Jubili, makarantar ta tsira.

White ya rasu cikin 1895. Mu da muke koya wa yara waƙa, kada mu rena muryar da suka zo da ita daga gida.